Baiwar Allah ta yi sheƙa a kwandona: yaya za mu kalle ta ba mu kore ta ba?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mazauniyar Zariya ce. Kusan wata guda ke nan da na lura da wasu 'yan tsuntsaye biyu, ɗaya ja ɗaya ruwan ƙasa, suna shige da fice da ciyawa da gashin kaza cikin wani tsohon kwando da na rataye a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Surukata ta ce baiwar Allah ce, kuma ta gargaɗe mu cewa duk ranar da hannun mutum ya taɓa sheƙar, uwar za ta gudu ta bar ta. Yanzu sun ƙyanƙyashe, muna jin kukan 'ya'yan, yarana kuma sun matsa sai sun gani. Na leƙa sau ɗaya na ƙirga biyar, ɗaya ya ɗan fi sauran girma. Kafin wannan na taɓa ganin wata baƙuwar tsuntsuwa mai zane-zane a ka ta shiga kwandon ta fito. Yaya za mu kalle su ba mu cutar da su ba? Shin babban nan ɗansu ne, ko in cire shi? Me zan ba su su ci? Kuma muna da mage a gidan."

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, kina son ki san iyakar kusantar da mutum zai yi wa sheƙa kafin kallo ya koma cutarwa, kina son ki san asalin wannan ɗan da ya ɗara 'yan uwansa girma, sannan ga batun abinci da na mage. Na shafe shekaru ina bin sheƙun ƙananan tsuntsaye a gidaje da gonakin bayan gari ina rubuta abin da ke faruwa a cikinsu, kuma baiwar Allah tana cikin waɗanda na fi daɗewa a kansu, domin ita ba ta sa mutum doguwar tafiya, ita ke zuwa ta same shi har madafa. Sai dai ban ga kwandonki da idona ba. Abin da zan faɗa game da abin da ke cikinsa na gina shi ne a kan bayaninki, kuma zan ba ki alamomin da za ki gaskata ni ko ki ƙaryata ni da su.

Wace ce ta sauka a gidanki

Surukarki ta faɗi sunan daidai. Jan shi ne namijin, kuma in kika samu ya tsaya kusa za ki ga siririn zobe ruwan ɗorawa kewaye da idonsa da 'yan ɗigo-ɗigo farare a gefen ƙirjinsa, kamar an yayyafa masa gari. Macen ruwan ƙasa ce, jan da ke jikinta bai wuce na saman gindin bindi da ɗan tabo a gaban ido ba. Tsawonsu wajen santimita 10 ne, nauyinsu kuma gram 8 zuwa 10. Masana suna kiran wannan tsuntsuwa Lagonosticta senegala, kuma ana samun ta tun daga Sanagal har Sudan, ta gangara har Afirka ta Kudu. Abincinta ƙananan irin ciyawa ne kamar na harƙiya, kuma abin da ya haɗa ta zama da mutane shi ne gindin turmi da wurin shiƙa, inda tsaki ke zuba kullum ba mai tsince shi sai ita da kaji.

Sheƙarta dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, an rufe samanta, ƙofar tana gefe, cikin kuma an shimfiɗe shi da gashin kaza ko na zabo. Namijin ne ya fi ɗaukar wahalar kawo gashin, kuma ba ya dainawa ko bayan an fara kwanci. Sau da yawa za ki gan shi ya dawo karɓar kwanci da gashi guda a baki, wani lokaci ma ya gitta shi a ƙofa kamar labule. Na ga sheƙarta a jinkar ɗaki, a ramin katanga, tsakanin zana da zana, cikin damin tsintsiya da aka ajiye aka manta, har cikin tsohon takalmin ruwa. A ƙasarmu ta fi yin sheƙa daga ƙarshen damina zuwa kaka da hunturu, lokacin da ciyawa ta nuna ta zubar da iri.

Lissafin kwanakinta ba shi da wuya, kuma shi ne zai gaya miki abin da ya halatta ki yi a kowace rana. Ginin sheƙa yakan ci kusan mako guda. Macen tana yin ƙwai ɗaya kowace safiya, farare fat, yawanci uku zuwa biyar. Kwanci kwana 11 zuwa 12 ne, suna karɓa-karɓa da rana. Daga ƙyanƙyasa zuwa fita daga sheƙa kwana 17 zuwa 19 ne, sannan iyayen su ci gaba da ciyar da su a waje mako ɗaya zuwa biyu. Idan wata guda ke nan da kika fara ganin suna jidar ciyawa, kuma kukan 'ya'yan ya kai ku ji shi daga tsakar gida, to sun kai mako guda da ƙyanƙyashewa ko sun ɗan haura. Abin da ya rage musu a cikin kwandon bai fi kwana goma zuwa sha biyu ba.

Maganar taɓa sheƙa

Gargaɗin surukarki mai kyau ne, kuma zan so yaranki su ci gaba da jin tsoronsa, amma dalilin da ake bayarwa ba shi ne dalilin gaskiya ba. Tsuntsaye suna jin wari, sai dai warin hannun mutum ba ya sa su yasar da 'ya'yansu. Mu da muke wannan aiki muna ɗaukar ɗan tsuntsu mu auna nauyinsa, mu sa masa zobe a ƙafa, mu mayar da shi, kafin mu tattara kayanmu uwar ta koma tana ciyar da shi. Abin da ke cutar da sheƙa daban ne, kuma ya danganta da lokaci.

A kwanakin gini da na yin ƙwai ne tsuntsuwa ta fi saurin barin wuri, domin ba ta riga ta zuba wahala mai yawa ba, in ta ga an sa mata ido sai ta tafi ta sake wani. Ke kin wuce wannan mataki. A makon farko bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan tsirara suke, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, don haka duk mintin da aka hana uwa shiga a safiyar hunturu, sanyi ne yake shigar su. Sannan akwai idon da ba a lura da shi. Mage da hankaka suna kallon inda mutane ke yawan taruwa suna ɗaga kai, kuma yaron da ya jawo kujera ya hau ya leƙa ya bar ta a wurin ya yi wa mage tsani. Amma hatsarin da ya fi kusa da ke yanzu shi ne na kwanakin ƙarshe. Daga kwana 12 ko 13, lokacin da gashi ya rufe su amma fiffike bai yi ƙwari ba, in wani abu ya tsorata su sai su watse waje gaba ɗaya, kuma da wuya su yarda su sake zama.

Wannan na koye shi ne da kuskurena. A farkon aikina na sa yatsa a wata sheƙa da ke ramin katangar wani gida don in ƙirga 'ya'yan, alhali na san sun haura mako biyu. Kafin in janye hannuna huɗu sun fyallo ta tsakanin yatsuna sun zube a tsakar gida. Na tsince uku na mayar, na toshe ƙofar da tafin hannuna na tsaya kusan minti goma har suka lafa. Na huɗun wata kaza mai 'yan tsaki ta riga ni kai wa gare shi. Tun daga ranar ban sake kusantar sheƙar baiwar Allah da ta wuce kwana 12 ba.

To yaya za a yi kallon? Ki fara da barin komai yadda yake. Kada a sauke kwandon, kada a gyara masa zama, kada a juya ƙofarsa don a fi ganin ciki. Haka kuma kada ku daina daka ko shara ko wanke-wanke saboda su, domin a cikin wannan hayaniyar suka zaɓi wurin, sun san ta, ta ma kore musu wasu maƙiyan. Abin da ba su saba da shi ba shi ne mutum ya tsaya cik ya kafa musu ido. Na sha ganin baiwar Allah ta shiga sheƙarta ta saman kan matar da ke tankaɗe, amma ta ƙi shiga saboda baƙon da ya tsaya nesa da ita sau uku yana kallo. Ki shimfiɗa tabarma kamar taku biyar ko shida daga rumfar, wuri ɗaya kullum, yara su zauna kada su tsaya, kada kuma a riƙa nuni da yatsa. In akwai taga ko ƙofar ɗaki mai labule da ke fuskantar rumfar, ta fi tabarmar. Lokacin da ya fi armashi shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar.

Tsuntsayen da kansu za su gaya miki ko kin matso da yawa. Idan uba ko uwa ya sauka a kan igiyar shanya ko bakin katanga, yana karkaɗa bindi gefe da gefe, yana wani ɗan gajeren kuka mai kaifi, ya nufi kwandon ya fasa, ya sake nufa ya fasa, to ku ne kuka tsare masa hanya. Ku ja da baya taku biyu ku jira. In ya sauka ya duba hagu da dama ya shige, nisan ya yi. Wannan ma'aunin ya fi duk wani adadin taku da zan ba ki, domin wasu ma'auratan sun fi wasu sabo da mutane.

Leƙa ciki kuwa, babba ɗaya ne zai yi shi, ba yara ba. Ki jira sai kin ga iyayen biyu sun fita, da rana bayan gari ya yi ɗumi, ki kai kamarar wayarki bakin ƙofar sheƙar ba tare da kunna fitilarta ba, ki ɗauki hoto ko ɗan gajeren bidiyo, ki bar wurin kafin minti guda ya cika. In cikin ya yi duhu, wani ya tsaya can nesa da ƙaramin madubi ya karkato hasken rana zuwa bangon da ke kusa, ba cikin sheƙar kai tsaye ba. Yaran su kalli hoton a ɗaki. Bisa lissafin da muka yi, leƙe ɗaya ya rage miki, ko biyu in an tsananta, da tazarar kwana uku a tsakani, daga nan sai kallo daga tabarma.

Abin da za ki gani a hoton ya cancanci a yi masa bayani tun yanzu, domin yana firgita wanda bai sani ba. A gefen wuyan kowane ɗa akwai wani kumburi kamar ƙurji, fatarsa siririya har ana hango ƙwayoyin iri a ciki. Ba ciwo ba ne, jakar abincinsa ce, kuma cikarta ita ce shaidar cewa ana ciyar da shi. Baiwar Allah ba ta kawo abinci a baki kamar yadda tsattsewa ke kawo ƙwari. Tana haɗiye irin ne ta tara, in ta zo sai ta zura bakinta cikin na ɗan ta amayo masa. Saboda haka zuwanta ba ya da yawa, takan yi rabin sa'a ko fiye ba ta leƙo ba, kuma bayan kwana tara ko goma iyayen suna daina kwanciya a kan 'ya'yan da rana. A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa an yasar da su, su kwaso su da niyyar taimako su kashe su. In shakka ta kama ki, ki gitta siririn tsinken ciyawa a ƙofar sheƙar ki tafi. In kika dawo bayan sa'a biyu kika tarar ya faɗi, ana shiga. Za ki kuma ga yadda suke roƙon abinci, wanda ya bambanta da na gwara: ɗan yakan kwantar da wuyansa ya murɗa kai gefe, baki a buɗe yana kallon sama, harshe yana kaɗawa. A gefen bakin akwai 'yan ƙulle-ƙulle farare da shuɗi a tsakaninsu waɗanda ke ɗaukar ido a cikin duhu, a ganɗarsa kuma ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ki riƙe wannan zanen bakin, domin a kansa amsar tambayarki ta biyu ta rataya.

Su kuwa yara, hanyar da na ga ta fi hana su ƙosawa ita ce a ba su aiki. A ba babban littafi da biro ya rubuta lokacin da ja ya shiga da lokacin da ruwan ƙasa ta shiga, ƙaramin ya riƙa ƙirgawa. Yaron da ya yi kwana uku yana wannan shi ne zai fara hana abokansa shigowa da danƙo. In kina son ki ƙarfafa musu, akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud, inda sahabbai a wata tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana shawagi a kansu, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali ya kuma umarta a mayar mata da su.

Babban ɗan nan

Abu biyu ne ke iya sa ɗa ɗaya ya fi sauran. Na farko, wani lokaci iyaye sukan fara kwanci kafin ƙwai na ƙarshe, sai a samu tazarar yini tsakanin na fari da auta, kuma a jikin abin da bai kai babban yatsa ba yini guda girma ne da ido ke gani. Na biyu shi ne wanda na fi zato, saboda baƙuwar da kika ce ta shiga ta fita.

Akwai wani ɗan tsuntsu da ba ya gina sheƙa, ba ya kwanci, ba ya reno. Sunansa na masana Vidua chalybeata, ni kuma a nan zan kira shi ɗan baƙi, sunan da ya dace da shi ta fuska biyu. Namijin a lokacin aure baƙi ne wuluk mai ƙyallin shuɗi, bakinsa fari, ƙafafunsa ja-ja. Macen kuwa kamar ƙaramar gwara take, ruwan ƙasa mai tsage-tsage a baya da zane mai haske da mai duhu a ka, daidai da yadda kika siffanta. Aikinta shi ne ta bi baiwar Allah ta gano sheƙarta, ta shiga a kwanakin da mai gida ke yin ƙwai ta ajiye nata. Ƙwanta fari ne shi ma, ya ɗan fi na mai gida girma kaɗan. Wata masaniya 'yar Faransa, Marie-Yvonne Morel, wadda ta yi shekaru tana bin ɗaruruwan sheƙun baiwar Allah a Richard Toll da ke arewacin Sanagal ta kuma fitar da sakamakon a 1973, ta samu irin wannan ƙwai a kimanin kashi ɗaya cikin uku na sheƙun. Ba baƙon abu ba ne ya faru a gidanki.

Abin da ke sa dabarar ta ci shi ne zanen bakin da na ce ki riƙe. Ɗan baƙi yana ƙyanƙyashewa da zane iri ɗaya da na 'ya'yan baiwar Allah, ɗigon ganɗa da ƙullen gefen baki duka, yana murɗa kai yadda suke murɗawa, kukan roƙonsa ma ya yi kama da nasu. Bajamushe Jürgen Nicolai ne ya bayyana wannan a 1964, daga baya Robert Payne na Jami'ar Mishigan a Amurka ya shafe shekaru da dama a kansa. Payne da abokan aikinsa suka nuna cewa abin bai tsaya a sheƙa ba: namijin da baiwar Allah ta rena yana girma yana rera waƙarta, macen da ta rena kuma takan zaɓi namiji mai wannan waƙar, ta kuma nemi sheƙar irin mai renonta ta yi ƙwai. Da suka sa wani tsuntsu daban ya reni 'ya'yan a keji, sai suka tashi da waƙar sabon mai renon, matan kuma suka koma yin ƙwai a sheƙarsa. Wannan bincike yana da ƙafa a ƙasarmu. A duwatsun Jos akwai wani ɗan baƙi da aka ji yana rera waƙar da ba ta dace da kowace baiwar Allah da aka sani ba, kuma neman mai waƙar ne ya kai ga wata 'yar uwarta mai zama a duwatsu, wadda Payne ya bayyana a matsayin sabon jinsi a 1998. Har yanzu ana ganin ta a dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take a Laminga kusa da Jos.

A yanzu ba za ki iya rarrabe shi da tabbaci ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kada ki cire kowa, domin kina iya jefar da ɗan fari na mai gida. Tabbacin zai zo ranar da suka fito. 'Ya'yan baiwar Allah ruwan ƙasa ne amma saman gindin bindinsu ja ne tun suna ƙanana, shi kuwa ɗan baƙi ba ja ko ɗigo a jikinsa, bayansa yana da ɗan tsage-tsage, kansa da ɗan zane.

Ko da kin tabbatar, shawarata ki bar shi. Akwai tsuntsaye masu irin wannan ɗabi'a da ɗansu ke tunkuɗe ƙwai da 'ya'yan mai gida waje ya gaje sheƙar shi kaɗai, kamar wanda ke shiga sheƙun tsuntsaye masu saƙa. Ɗan baƙi ba ya haka. Tare ake renon su, tare suke fita, tare za ki gan su suna bin jan namiji a gindin turmi suna roƙo. Ba zan ce zamansa ba ya rage wa 'ya'yan gida komai ba, domin baki ne ya ƙaru a kan abincin da bai ƙaru ba, kuma wani lokaci autan ne ke biyan kuɗin. Amma zura hannu cikin dunƙulalliyar sheƙa mai 'ya'ya biyar don a zaro ɗaya ya fi zamansa hatsari ga sauran huɗun, shi ma kuma tsuntsun ƙasar nan ne, ba shi da wata hanyar zuwa duniya sai wannan. In kina son ki ga ubansa, ki duba wayar lantarki ko ƙololuwar wata bishiya a unguwarku. Yakan zaɓi reshe ɗaya ya yini a kansa yana surutu mai kaushi, a tsakiyar surutun kuma sai ki ji ya sako siririn kukan baiwar Allah tsaf.

Abinci, ruwa da mage

'Ya'yan kada ki ba su komai. Iyayen kuma ba sa bukatar taimako sosai a gidan da ake daka, amma in kina so, ki watsa tsakin gero ko acca cikin tafin hannu guda a ƙasa da safe, can wani gefen tsakar gida. Kada ki zuba a ƙarƙashin rumfar, domin abinci a gindin sheƙa ɓera da tururuwa da kaji yake gayyatowa. Tuwo da burodi da madara ba abincinsu ba ne. Ruwa ya fi tsaki amfani a gare su, tun da mai cin busasshen iri dole ya sha kullum: kasko marar zurfi da dutse a tsakiya, a wurin da mage ba ta da maɓoya kusa, a sauya ruwan kowace rana saboda sauro. Kada a fesa maganin ƙwari ko a yayyafa fiya-fiya kusa da rumfar har su tashi. In kika ga tururuwa sun kama hanyar kwandon, ki shafa baƙin mai ko man shafawa mai kauri a kewayen ƙusar ko igiyar da ya rataya a kai, ki zuba toka a gindin ginshiƙin.

Mage ita ce babbar matsalarki, kuma ƙoshi ba ya hana ta farauta. Ki tsaya a inda take kwanciya ki dubi kwandon da idonta: akwai buhu, ko durom, ko turmi, ko bakin katanga da za ta taka ta yi tsalle? A janye su a hankali, ɗaya yau ɗaya gobe. In ginshiƙin rumfar itace ne, a naɗe shi da langa-langa mai santsi daga tsayin ƙugu zuwa sama. Amma kwanakin da ke cikin kwandon su ne masu sauƙi. Masu wuyar su ne huɗu ko biyar na farko bayan fita, lokacin da 'ya'yan ke tashi taku uku su faɗo, bindi guntu, baki baƙi, ba su san abin tsoro ba. A waɗannan kwanaki a kulle magen a ɗaki, musamman da dare da sassafe, a tsare kaji, a rufe randa da bokiti da duk wani mazubin ruwa mai zurfi, domin nutsewa tana cin su fiye da yadda ake zato. Ki tara 'yan rassan ƙaya ko karan dawa a wata kusurwa tun yanzu, su samu wurin shigewa. Ɗan tsuntsun da mage ta kama, ko ba a ga rauni ba, yawanci ba ya wuce kwana biyu, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin yawunta.

In kika tsinci ɗaya a ƙasa, ki dubi jikinsa kafin ki yi komai. Wanda yake tsirara ko gashinsa bai gama buɗewa ba faɗowa ya yi. Ki ɗumama shi a tafin hannunki har ya fara motsi, ki mayar da shi ta ƙofar sheƙar, ki tafi. Wanda gashi ya rufe, yana tsalle yana kama yatsa da ƙafarsa, fitowa ya yi, iyayensa suna kusa suna jiran ki matsa. In wurin da hatsari ki ɗora shi a kan ƙayar nan kawai. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana shiga huhu. Renon su da hannu kuwa ba na ba kowa shawararsa. Na gwada shi sau da dama lokacin da iyaye suka mutu, kuma waɗanda suka rayu a hannuna ba su kai waɗanda na binne yawa ba.

Ki kuma shirya wa yaran zuciya, domin ko an yi duk wannan ana iya wayar gari a tarar da kwandon shiru. A cikin sheƙun ƙananan tsuntsaye da na bi, waɗanda suka lalace sun fi waɗanda suka fitar da 'ya'ya, kuma maciji ko ɓera da ya zo da dare ba ya barin alama. In haka ta faru, ma'auratan sukan fara jidar ciyawa a wani lungun cikin 'yan kwanaki, domin suna yin sheƙa sau biyu, uku ko fiye a shekara.

In kuwa sun fita lafiya, ki ba kwandon mako guda ki tabbatar ba mai shiga, sannan ki sauke shi ku buɗe sheƙar da yaran a kan faifai. Za ku tarar da busasshen kashi ya kewaye cikin ya yi tauri, domin baiwar Allah ba ta kwashe kashin 'ya'yanta bayan sun fara girma, za ku kuma iya ƙirga gashin kaza da na zabo da namijin ya jido ɗaya-ɗaya. A ƙone tsohuwar sheƙar saboda ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a cikinta, a wanke hannu da sabulu, a kakkaɓe kwandon a shanya shi a rana yini guda, a mayar da shi kan ƙusar da yake. Kafin nan, ranar da suka fito ki zauna a tabarmarki ki dubi gindin bindin kowannensu, ki rubuto mini nawa ne masu ja a cikin biyar ɗin.